Daga Bakin Allo: Idan Yaro Ya Ce Sai Babur

Maganar da zan ɗauko a wannan karo magana ce da ta shiga gidaje da yawa a unguwanninmu na Zango, tun daga Nima da Mamobi a Ankara, zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, har can Tamale da Bawku. Yaro ya kai shekara 19 ko 20, ya gama sakandare ko ya kama koyon sana'a, ya tara 'yan kuɗinsa a adashi, sai wata rana bayan an ci tuwon dare ya matso ya ce, "Baba, ina so in sayi babur." Daga wannan rana barcin uwa ya ragu, uba kuma ya shiga tsaka mai wuya.

A wannan zangon karatu kaɗai iyaye da dama sun tare ni da batun, yawancinsu iyayen tsofaffin ɗalibaina, kuma tambayar tasu ɗaya ce: "Ticha, in hana shi ne ko in bar shi?" Amsar da nake ba su ita zan shimfiɗa a nan, domin na san masu wannan damuwa sun fi waɗanda suka furta ta yawa.

Mu fara da yi wa yaron adalci. Ba duk mai son babur ne mai neman burga ba. Saurayin da ke kwana a Aboabo yana koyon kanikanci a Suame Magazine ya san abin da trotro ke ci masa kowace safiya, ya kuma san yadda cunkoso ke sa ya makara har maigidansa ya yi masa faɗa. A Tamale da Wa da Bolgatanga kuwa babur shi ne ƙafar jama'a, maza da mata, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa. Ga kuma aikin kai saƙo da kai abinci gida-gida, wanda samari da yawa ke ci da kansu da shi a manyan garuruwa. Saboda haka idan yaro ya ce yana bukatar abin hawa, sau da yawa gaskiya ya faɗa.

Su ma iyaye tsoronsu yana kan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na shekarar 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ne suka rasu a haɗarin hanya cikin shekarar 2021, kuma kaso mai yawa daga cikinsu mahaya babur ne ko mai ƙafa uku. Hukumar ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Dalilin da abin ya fi tsanani ga mai babur a fili yake: mai mota ƙarfe ne ya kewaye shi, shi kuwa mai babur jikinsa ne bodi. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya sashen haɗari na asibitin Komfo Anokye a Kumasi, ko Korle Bu, ko babban asibitin Tamale, ya ga samari a jere da ƙarafa a ƙafa, ba ya bukatar wani ya yi masa bayani.

To, ganin haka, uba da yawa sukan yanke hukunci nan take: "Ban yarda ba, magana ta ƙare." A nan ne nake rarrashin iyaye su dakata su yi tunani. Saurayi ɗan shekara 20 wanda aka hana shi sayen babur bai daina hawan babur ba, ya dai daina hawa a gabanka. Abokinsa yana da shi, ɗan maƙwabta yana da shi, yaron shagon da yake aiki yana da shi. Zai riƙa aro, kuma babur na aro shi ne mafi haɗari a duk babura. Bai san birkinsa ba, bai san ko tayarsa ta suɗe ba, ba shi da hular kwano domin ba ya da inda zai ɓoye ta a gida, ba shi da lasin, kuma yawanci da dare yake hawa, cikin sauri, don ya mayar wa mai shi kafin a lura. Idan ya faɗi kuma zai ɓoye ciwon, ya ce a ƙwallo ya ji shi.

Abin da nake so iyaye su gane shi ne, ƙarfin uba a wannan al'amari yana nan ne kafin a biya kuɗi. Ranar da yaro ya zo neman izini, ko neman ciko, ranar ce yake da kunnen sauraro, duk sharaɗin da aka gindaya masa zai karɓa. Wanda ya kashe wannan dama da "a'a" ya rasa ta. Wanda kuma ya ce "je ka saya, Allah ya tsare" ya juya baya, shi ma ya rasa ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kafin in zo kan sharuɗɗan, bari in kawo wani bincike wanda ko da yake ya tsufa, har gobe masu koyar da tuƙin babur suna aiki da shi. A shekarar 1981 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Harry Hurt ya fitar da sakamakon binciken haɗarin babur 900 da aka bi diddiginsu ɗaya bayan ɗaya a birnin Los Anjeles. Ya gano cewa fiye da rabin waɗanda suka yi haɗarin ba su kai wata 5 suna hawan babur ɗin da suka faɗi da shi ba. Kashi 92 cikin 100 ba su taɓa samun horo ba, da kansu suka koya ko wajen aboki ko ɗan'uwa. Wajen kashi uku cikin huɗu na haɗuran karo ne da wani abin hawa, yawanci mota, kuma a mafi yawan waɗannan mai motar ne ya shiga hanyar mai babur, sau da yawa domin bai gan shi ba sam. Galibin haɗuran kuma a gajeriyar tafiya suka faru, kusa da inda mutum ya taso, a gudun da bai wuce na cikin gari ba. Hanyoyinmu ba irin na Amurka ba ne, amma ƙashin ɗan Adam ɗaya ne, kuma darasin ya shafe mu: haɗarin ya fi taruwa ne a watannin farko, kan wanda ba a koya wa ba, a tafiyar "nan kusa zan je in dawo". A kan wannan na gina sharuɗɗan da ke biye.

Sharaɗi na farko, lasin da koyo su riga babur shigowa gida. A dokar Ghana sai mutum ya cika shekara 18 kafin a ba shi lasin, kuma na babur shi ne rukunin A, wanda hukumar DVLA ke bayarwa bayan gwajin ido da jarrabawa. Kada uba ya yarda a bi ta hannun ɗan kamasho a kawo takarda gida, domin takarda ba ta taka birki. Bayan lasin kuma a nemi dattijon mahayi, irin wanda ya shekara 15 ko 20 a kan babur ƙafafunsa biyu lafiya, a haɗa shi da yaron su yi makonni suna atisaye a filin ƙwallo ko filin makaranta ranar da ba karatu. Tayar da babur da canza giya kowane yaro zai iya cikin yini ɗaya. Abin da ke da wuya shi ne tsayawa. Samarinmu da yawa sun gaji wata magana cewa wai birkin gaba yana kayar da mutum, saboda haka na baya kaɗai suke takawa. Alhali kuwa birkin gaba shi ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayar da babur, wajen kashi 70 cikin 100, domin idan aka taka birki nauyi gaba yake komawa. Wanda ya danne na baya kaɗai da ƙarfi tayar za ta kulle ta ja shi a ƙasa. Abin da ke kayarwa shi ne fizgar birkin gaba farat ɗaya, musamman a kwana ko a kan yashi. Sai an koyi matsa shi sannu-sannu tare da na baya, an maimaita har hannu ya saba, domin binciken Hurt ya nuna cewa lokacin da mai babur ke da shi tsakanin ganin haɗari da aukuwarsa bai cika daƙiƙa biyu ba. A cikin daƙiƙa biyu ba a tunani, abin da hannu ya saba shi zai yi.

Sharaɗi na biyu, babur na farko ya zama ƙarami. Irin Boxer da Haojue da TVS masu inji 100 zuwa 125 sun ishi kowane saurayi zuwa aiki da dawowa. Su kuwa manyan nan da ake shigowa da su na hannu daga ƙasashen waje, masu ƙarar da ke tayar da unguwa, wasunsu kafin ka ƙirga biyar sun kai gudun kilomita 100, kuma ɗan kuskuren murɗa totur ya isa ya jefa sabon mahayi cikin kwata ko ƙarƙashin mota. A ƙasashen Tarayyar Turai, inda ake ƙera wasu daga cikin irin waɗannan, mataki-mataki ake ba da lasin: matashi ya fara da wanda bai wuce inji 125 ba, sannan matsakaici, babban kuwa sai ya shekara biyu a kan matsakaicin ko ya cika shekara 24. Idan masu ƙera abu ba su yarda su miƙa wa ɗansu sabon shiga ba, mu me ya kai mu? Idan na hannu za a saya, uba ya tafi da bakanikensa, ba na mai sayarwa ba, a duba taya da birki da sarƙa da fitila da madubi biyu, domin samari sukan cire madubi wai don ado. A duba lambar inji da ta bodi su yi daidai da takardu, a kuma sauya suna a DVLA. Babur maras lamba, ko wanda ba a san asalinsa ba, yana iya kai yaron kirki ofishin 'yan sanda kan laifin da wani ya aikata. Araha ba ta ado.

Sharaɗi na uku shi ne hular kwano, kuma a nan ba ciniki. Bari in ba ku tarihinta a taƙaice. A watan Mayu na shekarar 1935 wani shahararren sojan Ingila, T. E. Lawrence, wanda ya yi suna a ƙasashen Larabawa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kauce wa wasu yara biyu masu keke a kan wata hanyar ƙauye, ya faɗo daga babur ɗinsa da ka. Bayan kwana shida ya rasu. Ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, abin ya tsaya masa a rai, ya shiga binciken raunin kai tsakanin sojoji masu kai saƙo a babur, kuma a shekarar 1941 rundunar sojan Ingila ta wajabta musu hular kwano. Mutumin da ya tsira daga harsashi a hamada, faɗuwa kusa da gidansa ta kashe shi. Binciken likitoci na baya-bayan nan, wanda ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi aiki da shi, ya nuna cewa hular tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da wajen kashi 69. Dokar hanya ta Ghana ta shekarar 2004 ta wajabta ta a kan mai tuƙi da wanda aka goya duka.

Amma hula suna ta tara. Irin ta leburorin gini, da 'yar roba mai sauƙi wadda ake sa wa don ɗan sanda, ba su tsare komai. Ta gaskiya tana da kauri, a cikinta akwai wani farin abu mai kama da soso mai tauri wanda shi ke shanye bugu, kuma mafi kyau ita ce mai rufe haɓa. A nemi mai alamar gwaji, irin tambarin ECE da ake ɗinkawa a jikin igiyarta. Ta zauna daram a kai, a kuma ɗaure igiyar, domin hular da ba a ɗaure ba ita ke fara tashi kafin mutum ya kai ƙasa. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba. Hular da ke rataye a hannun babur kuwa, ko a gwiwar hannu, ban san wace gaɓa take karewa ba. Shawarata ita ce uba ya sayi hular da kuɗinsa, mai kyau, ta zama ita ce gudummawarsa. Sai a haɗa da takalmi rufaffe maimakon silifa, da dogon wando mai kauri. Masu babbar riga da jallabiya su tattare, 'yan mata kuma su lura da mayafi da dogon hijabi, domin tayar baya da sarƙa sun sha fizgo mutane ƙasa ta wannan hanya.

Sharaɗi na huɗu ya shafi gudu, kuma a nan zan ɗan koma aikina na allo. Mai tafiyar kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Mai tafiyar kilomita 80 yana cin mita 22. Ke nan idan akuya ta faɗo titi, ko yaro ya biyo ƙwallo, kafin hannu ya kai ga birki an riga an ci wannan nisa. Bayan haka kuma, idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata yana ninkuwa sau huɗu ne. Ga wani lissafin da nake so kowane saurayi ya riƙe: karo da bango ko gefen tifa a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato kamar saman bene mai hawa uku. A gudun kilomita 80 kuwa tsayin ya kai mita 25. Ba saurayin da zai yarda ya diro daga saman irin wannan gini don abokai su tafa masa, amma ga shi kullum ana yin kwatankwacinsa a titi. Dokokin hanya na shekarar 2012 sun sa iyakar kilomita 50 a cikin gari, 30 kuma kusa da makaranta da kasuwa da asibiti da wuraren ibada. Duba waya na daƙiƙa biyu a gudun 50 yana nufin tafiyar mita 28 ido rufe.

A haɗa masa da wannan: ya ɗauka cewa direban mota bai gan shi ba. Tun watan Agusta na 1974 a hannun dama muke tuƙi a ƙasar nan, saboda haka motar da ke fuskantarsa tana shirin shan kwanar hagu ita ce za ta gitta gabansa, kuma wannan na daga cikin haɗuran da suka fi yawa. Ya rage gudu a kowace mararraba, ya bar fitila a kunne ko da rana, kada ya kutsa ta gefen tirela ko tifa inda direba ba ya hango shi a madubi, ya kuma tuna cewa trotro yana tsayawa duk inda aka ɗaga masa hannu. Ruwan farko na damina yana taso da maiƙon da ya kwanta a kwalta, hazon hunturu yana rage gani, yashi a kwana kuma ya kayar da gwanaye.

Sharaɗi na biyar, wata shida na farko su zama na gwaji. A cikinsu ba tuƙin dare, ba goyo, ba hawa babbar hanya irin ta Kumasi zuwa Techiman da Kintampo inda manyan motocin Burkina Faso ke zirga-zirga, ba kuma ba da aro. Goyo yana canza nauyin babur, yana ƙara nisan birki, sannan mafi muni, saurayi da aboki a bayansa ba ya tuƙi irin na lokacin da yake shi kaɗai. Idan ya cika wata shida bai saɓa ba, sai a sassauta masa ɗaya bayan ɗaya. Idan ya saɓa, makulli ya kwana wajen Baba na mako biyu. A faɗi wannan tun farko a gaban shaida, kawunsa ko yayansa ko maigidansa na wurin aiki, domin idanun uba ba sa kaiwa ko'ina, amma idanun Zango suna kaiwa.

Sharaɗi na shida, inshora. Iyaye da yawa tunaninsu yana kan ɗansu kaɗai, suna manta cewa yaron yana iya kaɗe ɗan wani. Ranar da hakan ta faru, ƙofar uba za a buga, kuma kuɗin asibiti da na kotu sun sha cinye jarin gida. Tun shekarar 1958 doka ta wajabta inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Ba ta gyara maka babur ɗinka, amma tana tsaya maka a kan haƙƙin wani. Takardun jabu sun yi yawa a da, shi ya sa a shekarar 2020 hukumar inshora ta ƙasa ta buɗe rumbun da ake duba lambar abin hawa ta waya a ga ko inshorarsa ta gaskiya ce. A saya a ofishin kamfani, a duba kafin a bar wurin.

Wani uban zai ce ai ɗansa okada yake so ya yi. Wannan wani mataki ne daban. Dokokin 2012 sun hana haya da babur, ko da yake kowa ya ga yadda sana'ar ta bazu, kuma a shekarar 2025 aka kai wa Majalisa ƙudurin halatta ta da tsara ta. Mai wannan niyya ya je DVLA da ƙungiyar masu sana'ar ya ji ƙa'idojin da ke kansa. Abin da zan ce a matsayina na malami shi ne, wanda bai shekara yana ɗaukar kansa lafiya ba bai kamata ya ɗauki ran wani a bayansa ba. A kuma yi hattara da tsarin nan na biya kullum ko mako-mako har babur ya zama naka, domin yaron da bashi ke bi shi ne ke gudu, shi ke tsallake danja, shi ke aiki har tsakar dare da barci a idonsa.

Akwai kuwa yaron da ya kamata a ce masa a'a kai tsaye. Wanda bai kai shekara 18 ba, babu zance. Wanda ake zargin yana taɓa tramadol ko wiwi ko giya, a fara maganin wannan tukuna, domin ƙwaya tana cire tsoro tana kuma rage saurin hannu, biyun da mai babur ke rayuwa da su. Haka wanda aka san shi da zafin kai, ko mai ciwon farfaɗiya da ba a shawo kansa ba, ko mai raunin gani da ya ƙi sa tabarau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ko a nan, a gaya masa dalili, a kuma gaya masa abin da zai gyara kafin a sake zama.

Yanzu bari in juyo kanmu mu manya. Kowace safiya a ƙofar makaranta ina ganin uba ya ɗauko yara uku, ɗaya a kan tanki biyu a baya, ba mai hula ko ɗaya, shi kansa hular saƙa ce a kansa. Yaron da ya tashi a kan tanki haka, da wane baki za a ce masa ya sa kwano ranar da ya girma? Haka kuma abin da ke faruwa ranar Salla da ranar ɗaurin aure, wani lokaci har da rakiyar gawa, inda samari ke cire salansa, su ɗaga tayar gaba, su tsaya a kan sirdi, jama'a na shewa. Duk shekara limamai da sarakunan Zango da 'yan sanda suna jan kunne, duk shekara kuma sai an sami gidan da murnarsa ta koma makoki. Masu shewar nan 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, wani lokaci har da mu. Ranar da aka daina tafa wa mai ganganci, rabin gangancin ya mutu. Idan kuma abu ya faru mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma ba wanda ke barin ƙofar shagonsa a buɗe da dare ya ce ɓarawo ba ya wuce ranarsa.

Ga iyaye mata kuma, na san ku kuka fi kowa ɗaukar wannan nauyi. Kuka da rantsuwa ba sa hana saurayi, sai dai su sa ya daina gaya muku inda za shi. Abin da ya fi amfani shi ne Mma ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Ina hularka? Ɗaure ta in gani." Yaro yana iya musu da ubansa, amma da wuya ya wuce wannan.

Daga ƙarshe, kowane gida mai babur ya san abin yi idan tsautsayi ya auku. A kira lamba 112. Kada a fizge hular daga kan wanda ya faɗi sai idan numfashinsa ya toshe, kada a naɗe shi a cusa a tasi kamar buhu, domin idan wuya ko gadon baya ya taɓu, ɗaukar ganganci ita ke ƙarasa shi. Kada a ba shi ruwa ko abinci. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Wanda ya bugu a kai, ko da ya tashi yana dariya, a kai shi asibiti, domin jini yana iya taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali, sai bayan awoyi a ga amai, ko ciwon kai mai tsanani, ko barcin da ba a iya tashinsa. Karayar da ƙashi ya huda fata kuma ta asibiti ce, ba ta maɗori ba, domin ƙafafu da yawa sun ruɓe a ɗaure har aka yanke su. A rubuta sunan yaro da lambar wayar gida a sa a aljihunsa ko a cikin hular.

Saboda haka, ya kai uban da ke riƙe da wannan jarida, idan ɗanka ko 'yarka ta kawo maka wannan magana, kada ka yi saurin amsawa. Ka ce a ba ka mako guda. Ka kira shi ku zauna, kai da mahaifiyarsa da wani babba da yake jin nauyinsa, ku shimfiɗa sharuɗɗan nan shida, ya amsa da bakinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuma samari da na san kuna leƙa wannan shafi, ku sani cewa tsohon da ke muku faɗa ba ƙin jin daɗinku yake ba, jana'izar tsaranku ya halarta fiye da yadda kuke zato. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye mana zuri'a, ya kai kowa gida lafiya. Sai wata mai zuwa idan muna da rabon ganawa.